Gwani da Almajirinsa: Wa Ke Koya Wa Wani?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren maɗinki, ko a bakin maƙera, ko a inuwar da mata ke ginin tukwane, ya kuma yi haƙurin sa ido ya bar baki ya huta, lalle zai lura da wani abu wanda masu wucewa ba su cika lura da shi ba, watau gwanin da yara suka kewaye, suna ɓata masa zare, suna fasa masa ɗanyen kasko, suna damunsa da tambaya, sau da yawa aikinsa ya fi armashi, hannunsa kuma ya fi daɗewa bai mutu ba, bisa ga takwaransa wanda ya ja ƙofa ya kaɗaita don tsoron kada wani ya ga yadda yake riƙe allura. A zahiri abin ya saɓa wa lissafi, gama wanda ya raba yininsa biyu ya ba almajirai rabi, kamata ya yi a ce rabin aiki ya samu. Sai dai ilmi bai bi hukuncin hatsi ba, wanda kowane mudu aka ɗiba rumbu ya ragu, hukuncin rijiya ya bi, wadda in ana jan ruwanta idonta ke buɗewa, in kuwa aka ƙaurace mata sai ta yi gansakuka, daga bisani ta ƙafe. Malamanmu na zaure sun daɗe suna cewa koyarwa ita ce zakkar ilmi, kalmar zakka kuwa a lugga ta ƙunshi ma'anar tsarkaka da ta yaɗuwa gaba ɗaya.

Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, wannan hukunci bai tsaya ga fiƙihu da nahawu kaɗai ba, ya game dukkan fasahar da hannu ke yi ido ya more, tun daga zane da zayyana da kyawun rubutu har zuwa sassaƙa da ɗinki da gini. Kuma yin fasaha da koyar da ita tagwaye ne masu shan nono ɗaya, waɗanda in aka raba su kowanne sai ya rame. Hujja mafi kusa kuwa, wataƙila tana cikin aljihun mai karatu a halin yanzu.

Matar da ke bayan naira ashirin

Wanda ya ɗauki takardar naira ashirin ya juya bayanta zai ga wata mace tana aikin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, an haife ta wajen shekara ta 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Tun tana yarinya ta koya a hannun wata daga cikin iyayenta mata na dangi, bisa hanyar da ake koyon irin wannan sana'a a ko'ina cikin ƙasashenmu, watau yaro ya fara da ɗebo yumɓu da tsince tsakuwa da kwaɓi, ido na kallo, kunne na saurare, har ranar da za a ce masa karɓi ka gwada. Maginan Gbagyi ba su san keken juya yumɓu ba. Mace takan girke curin yumɓu ta raraƙe cikinsa ta ja bangonsa sama, sa'an nan ta riƙa murza wani kamar igiya tana ɗorawa, ita kanta tana zagaya tukunyar da ƙafafunta, har randa ta tashi da ciki da kafaɗa da wuya daidai wa daida, sai ka ce da ma'auni aka auna. Kafin ta bushe sarai sai a ɗauki ɗan tsinke mai kaifi a tsaga mata ado, kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa tsakanin layuka, daga nan a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta. Ladi ta ƙware a wannan aiki har sunanta ya wuce Kwali, tulunanta suka shiga gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a garin da yau ake kira Suleja, sarkin da shi kansa ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya kuma yi aikin malanta kafin ya hau gadon sarauta.

A can gidan sarki ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya ga aikinta a 1950. Shi wannan mutumin Ingila ne, an haife shi a 1901, ya yi almajirancin ginin tukwane a hannun Bernard Leach a garin St Ives daga 1923, ya zo ƙasar da yau ake kira Gana a 1942 domin ya koyar a Achimota, kana gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi, ta ɗora masa nauyin koya wa 'yan ƙasa gini irin na Turai, wanda ake yi a kan keke, a shafe shi da ruwan ƙyalli, a gasa shi a cikin tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Bayan ya zaga ƙasa yana duba inda yumɓu da itace da ruwa suka haɗu, sai ya zaɓi Abuja. Makarantar da ya kafa a can ta buɗe a 1952 da ɗalibai maza, a ƙarshen 1954 kuma Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko da aka ɗauka.

To, bisa takardun gwamnati shi ne malami ita ce ɗaliba, kuma haƙiƙa ta koya, domin ta iya hawa keke ta juya kwanuka da farantai da kofuna, ta san sha'anin ƙyalli da na tanderu, har ta koma tana gina manyan tulunanta na gado da hannu yadda ta saba, amma da yumɓu mai jure babbar wuta, tana cika tsagar adon da farar ƙasa domin kunamar da kadan su fito sarari a ƙarƙashin ƙyalli. Amma wanda ya dubi abin da Cardew ya koma da shi gida sa'ad da ya bar Abuja a 1965, zai yi wuya ya yanke hukuncin wanda ya fi cin riba tsakaninsu. Na farko, a Ingila magini yakan sami sinadarin ƙyalli a wurin 'yan kasuwa an niƙa an tace, a Abuja kuwa dole ya nemo da kansa daga duwatsu da farar ƙasa da tokar itace, ya gwada ya sake gwadawa, ya kuma bayyana wa samarin da ke gabansa dalilin da ya sa wannan dutse ke narkewa wancan ba ya narkewa. Wannan larura ta koyarwa ita ta tura shi cikin ilmin duwatsu da na sinadarai, ita kuma ta haifi littafinsa mai suna Pioneer Pottery wanda ya fito a 1969, wanda har yau magina a ƙasashe da yawa ke komawa gare shi. Na biyu, idonsa ya sauya, har ya zamana daga cikin sanannun kayan da ya riƙa ginawa a maginarsa ta Wenford Bridge akwai wata tukunyar miya mai murfi wadda ya ɗauko siffarta daga tukwanen Gbagyi, ya kuma raɗa mata sunan Gwari. Na uku, mutumin da aka aiko ya kawo sabuwar hanya sai ga shi ya zama mai kare tsohuwa, yana faɗa yana rubutawa cewa tukunyar da aka gasa a fili da ƙaramar wuta tana da fa'idojin da tasa ba ta da su, gama ana ɗora ta a kan murhu ba ta fashe ba, tana kuma sanyaya ruwa.

Ita kuwa Ladi, zamanta a makarantar ya mai da ita malama, malantar kuma ta ɗaga ta zuwa inda gwaninta kaɗai ba za ta kai ta ba. An nuna aikinta a birnin Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Ingila da Jamus da Faransa, ta zaga Amurka tare da Cardew a 1972, a ko'ina kuwa abin da take yi shi ne ta tsaya a gaban ɗalibai da malamansu ta tayar da randa daga curin yumɓu suna kallo, hannunta yana yin bayanin da harshe bai yi ba. An ba ta lambar girma ta MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977 alhali ba ta yi karatun boko ba, ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. Daga cikin waɗanda suka durƙusa a gabanta akwai wata budurwa 'yar ƙasar Kenya, Magdalene Odundo, wadda ta zo Abuja a 1974 ta koyi gini da hannu, ta koma Ingila ta zama ɗaya daga cikin manyan maginan duniya, ta kuma zama farfesa mai koyar da wannan fanni a garin Farnham. Ga silsila ke nan kamar ta malaman hadisi: daga wata dattijuwa a Kwali zuwa Ladi, daga Ladi zuwa Odundo, daga Odundo zuwa ɗaliban da ba su taɓa taka ƙasar Gbagyi ba.

Abin da almajiri ke biyan malaminsa da shi

In an tambaya ta wace hanya ce koyarwa ke ƙara wa gwani gwaninta, amsa ta farko ita ce tambayar yaro. Akwai ilmi mai yawa wanda hannu ya sani baki bai sani ba. Maɗinkin da ya shekara talatin yana fitar da aska takwas a gaban babbar riga, ko marinin da ke duban kumfar karofi ya gane baba ya nuna, in ba a tambaye shi ba zai iya mutuwa bai taɓa faɗa wa kansa dalilin abin da yake yi ba. Ranar da yaro ya ce, «Malam, don me ka karkata allura a nan?» ran nan ne dole ya tsaya ya dubi hannunsa kamar hannun baƙo, ya rarrabe abin da ke ƙa'ida da abin da ke sabo kawai, kuma sau da yawa a cikin wannan bincike yakan tarar da wani sabo da ya daɗe yana tauye masa aiki bai sani ba, ko wata ƙofa da ya shekara yana wucewa ta gabanta bai tura ba.

Tarihin kyawun rubutun Larabci shaida ne a kan wannan. Ibn Muƙla, wazirin halifofin Abbasiyya a Bagadaza wanda ya rasu a 940 Miladiyya, shi ake jingina wa ƙa'idar auna haruffa da ɗigon bakin alƙalami, ya zama alif yana da adadin ɗigo sananne, sauran haruffa kuma ana ƙiyasta su da alif da da'irar da alif ne faɗinta. Da wannan ne kyawun rubutu ya tashi daga baiwar da mutum ɗaya ke mutuwa da ita, ya zama fannin da ake karantarwa, ake gyara wa ɗalibi kuskurensa da hujja, har Ibn al-Bawwab da Yaƙutu al-Musta'simi suka ɗora gininsu a kai, har aka kai zamanin da a Istanbul ɗalibi ba ya sa sunansa a ƙarƙashin rubutunsa sai malaminsa ya ba shi ijaza. Abin mamaki, bayan shekaru kusan dubu, a makarantar Bauhaus da aka buɗe a garin Weimar na Jamus a 1919, mai zane Paul Klee, wanda ya koyar a makarantar daga 1921 zuwa 1931, shi ma da aka ce ya karantar sai ya koma kan ɗigo, ya fara da nuna yadda ɗigo in ya motsa yake zama layi, layi in ya motsa yake zama fili. Ya bar shafuka kusan 3,900 na shirin darussansa, waɗanda masu nazarin zanensa ke karantawa a yau domin su fahimci zanen kansa. Wazirin Bagadaza da mai zanen Jamus ba su haɗa addini ko zamani ba, amma neman ƙa'idar da za a iya miƙa wa wani ya kai su ga mafari ɗaya.

Amsa ta biyu ita ce muraja'a. Gwani in ya yi nisa yakan bar abubuwan farko a baya, yana ganin ya wuce su, alhali a kansu dukkan gininsa ke tsaye. Almajiri kuwa yakan tilasta shi ya koma kansu kowace shekara, kamar yadda manomi ke komawa kan kunyar bara. A tsangayun Kano da Haɗeja da Barno an san cewa gwanin da ke zaman darasu, yana duba allunan gardawa yana kama musu wasali da ɗaurin da suka kuskure, haddarsa ba ta yin tsatsa, kuma in ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka alƙalaminsa ba ya tuntuɓe. Gama kowane kuskuren da ya gyara a allon wani, shinge ne ya kafa a gonar kansa. Haka mai zanen da ke koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake haɗa launi da yadda inuwa ke faɗuwa, shekara bayan shekara, yana wasa wuƙarsa ne ko da bai yi niyya ba.

Amsa ta uku ita ce kuskuren almajiri da rashin tsoronsa. Wanda bai san abin da aka hana ba yakan taka inda gwanaye ke kaucewa, cikin taku goma tara ɓarna ce, amma na goman wani lokaci sabuwar hanya ce. Malamin da ke da basira, wanda girman kai bai rufe masa ido ba, yakan tsinci wannan ɗaya ya ajiye. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne kuwa, amma akwai abin da ke ƙasa kusa da ƙafa wanda gajere ke riga dogo gani.

Abin da malami mai aiki ke ba ɗalibinsa

Ɗaya ɓangaren ma'aunin shi ne, koyarwa ba ta yin albarka sai malamin yana taɓa aikin da hannunsa, domin wanda ya ajiye kayan aiki abin da ya tuna yake karantarwa, wanda kuwa ke cikin aiki abin da ya gamu da shi jiya yake karantarwa. Ɗalibin da ke kusa da malami mai aiki yana ganin abin da babu littafin da ke ɗauke da shi: nauyin da yatsa ke sa wa yumɓu, lokacin da ake ɗaga hannu a bar zane ya huta, da kuma, mafi girma duka, yadda gwani ke karɓar hasara. Wanda ya tsaya a bakin tanderu ranar da aka buɗe shi aka tarar aikin makonni ya tsattsage, ya ga malaminsa ya ɗauki ɓaraguzan yana juyawa yana neman illar, washegari kuma ya gan shi ya koma kan kwaɓi, to ya karanci babin haƙuri da tawakkali a aikace, ya kuma gane cewa kuskure ba ya fitar da mutum daga sahun gwanaye.

Zariya ta ba da misalin wannan wanda ya game ƙasa. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da harabarta ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, manhajar kuma irin ta makarantun Ingila. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce za su karɓi dabarun da aka zo musu da su amma za su aurar da su ga gadon gidajensu, ra'ayin da ya sa daga baya aka yi musu laƙabin 'yan tawayen Zariya. Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan huɗu malanta suka shiga bayan sun gama, kuma babu wanda ya ajiye aikin hannunsa. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya shugabanci sashen zane na jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, ya ɗauko uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, ya sa shi cikin zanensa, ya kuma tura ɗalibansa ƙauyuka su nazarce shi a wurin tsofaffin mata, har wannan ya zama mazhabar da ake gane 'yan Nsukka da ita. Grillo ya shekara da shekaru yana jagorantar sashen zane a kwalejin Yaba, a lokaci guda yana ƙawata gine-ginen Ikko da gilashi mai launi. Onobrakpeya ya koyar da yaran sakandare a St Gregory's ta Ikko har zuwa 1980, yana ta ƙirƙiro sababbin hanyoyin buga zane, a 1998 kuma ya fara tara masu fasaha manya da ƙanana kowace shekara a Agbarha-Otor ta jihar Delta, su yi aiki tare su koya wa juna. Ɗalibansu sun yarda da maganarsu ne saboda sun ga hannunsu da fenti.

Inda gizo ke saƙar

Ba zai zama adalci ba a ce wannan aure ba shi da sadaki. Koyarwa tana cin lokaci, fasaha kuwa tana son kaɗaici da dogon shiru. Klee kansa ya kai matsayin da nauyin aji da rigingimun makaranta suka gajiyar da shi, ya bar Bauhaus ya koma inda zai sami sararin zanensa. Haka nan, haɗuwar hanya biyu takan zo da hasara a cikin riba: tulun Ladi da aka shafe da ƙyalli aka gasa a tanderu ya ƙara kyau da ƙarko, amma ya yi nauyi, ya kuma daina tsattsafar da ke sanyaya ruwa, sai ya tashi daga tsakar gida ya koma kayan kallo a gidajen tarihi. Akwai kuma fitinar da ke samun malami mai ƙarfin hannu, ya riƙa buga ɗalibansa kamar kwabo ɗaya, kowa ya fito da kamanninsa babu mai nasa. Alhali alamar malamin ƙwarai ita ce ya ba ɗalibi tushe ya bar masa reshe, yadda aikin Odundo, duk da a Abuja ta koyi tayar da bango, ba wanda zai gan shi ya ce na Ladi ne.

Amma cutar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya iri biyu ce, kowace kuwa daga raba tagwayen nan ta samo asali. Ta farko tana makarantun boko, inda sau da yawa malamin zane yakan tsaya a gaban allo da alli kaɗai, yana shifta wa yara ma'anar launi su haddace domin jarrabawa, ba takarda ba fenti ba yumɓu, shi kansa kuma ya manta rabonsa da ya zana wani abu, saboda yawan aji da neman abin rufin asiri. Ta biyu tana zaurukan sana'a, inda wani gwani kan riƙe sirrin aikinsa ya hana ko da ɗan cikinsa, yana jiran ranar da ba ta zuwa, har a kai shi kushewa da shi. Irin wannan rowa ita ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, gama shi ma a hannun wani ya samu.

Maganin kuwa ba ya bukatar dukiya mai yawa. Hukumomin makarantu su ɗauki aikin hannun malamin zane a matsayin wani yanki na aikinsa, su ba shi ɗaki ko da rumfa ce, da wasu sa'o'i a mako da zai yi nasa aikin a inda yara za su gan shi. Su kuma buɗe ƙofa ga marinan Ƙofar Mata da dukawa da maɗinkan hula da masu zayyanar allo da matan da ke saƙar faifai da ginin tukwane, su shigo aji a girmama su da sunan malamai, yadda jami'ar Zariya ta girmama Ladi, domin yumɓu da kaba da baba suna nan a bayan gari ba sai an yi odarsu daga waje ba. Gwanayen zaure kuma su tuna cewa yaron da ke ɓata musu zare yau, shi ne madubin da za su ga hannunsu a ciki, shi ne kuma zai ɗauki sunansu gobe.

A birnin Zariya akwai Masallacin Juma'a wanda Malam Mika'ilu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina da ƙasa wajen shekarun 1830, da bakuna da ginshiƙai waɗanda masana gine-gine daga ƙasashe masu nisa ke zuwa aunawa. Ruwayar baka ta ce daga baya wani sarki ya sa shi ya yi masa gini, da ya gama sai ya sa aka kashe shi, don kada ya yi wa wani irinsa. Abin da ido ke gani kuwa shi ne, zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sana'ar gini a Zazzau, unguwarsu tana amsa sunansa har yau, domin kafin takobi ya kai gare shi ya riga ya zuba abin da ke hannunsa a hannun waɗanda suka miƙa masa tubali. Allah Ya jiƙan waɗanda suka koya mana, Ya ba gwanayenmu almajirai masu yawan tambaya, Ya kuma ba su zuciyar amsawa.